Saniyar da Na Ɗora wa Hannu

An haifi ƴata ta fari da kaka, bayan mun gama ɗaure gero, shekara biyu da rasuwar babana. A lokacin Nasara sun riga sun zauna daram a Zinder. Mu a ƙauyenmu na wajen Zermu ba mu cika ganinsu ba, sai dai saƙonsu: yau a kai hatsi, gobe a ba da masu ɗaukar kaya. Gidanmu ƙarami ne, ɗakuna uku da rumbu ɗaya da wata aduwa a tsakar gida. Mu uku ne a ciki, ni da matata da Inna mahaifiyata, jaririyar ta zo ta cika mu huɗu.

Kwana goma bayan suna zazzaɓi ya kwantar da matata. Ta yi mako biyu ba ta san inda kanta yake ba, da ta farfaɗo kuma nono ya ɗauke. An yi jiƙe-jiƙe, an dama kunun kanwa, ba abin da ya zo. Wata maƙwabciyarmu mai goyo ta riƙa shayar mana da yarinyar safe da yamma, amma ita ma nata ɗan ba ƙoshi yake ba. Akuyarmu guda ce, ciki gare ta. Yarinya ta rame har kukanta ya daina fita daga ɗaki.

Akwai wani tsohon Bafillace, aminin babana, wanda kowace shekara in an kwashe amfani yakan sauka da garkensa a gonarmu, shanunsa su ci kara su bar mana taki. Haka na tashi na tarar ana yi. Baffa muke ce masa, matarsa kuma Goggo. A shekarar ya ɗan makara, sai da yarinyar ta yi wata guda sannan muka ga hayaƙi a gona. Washegari ya zo gaishe da Inna, ta fito masa da jaririyar. Ya karɓe ta, ya jima yana dubanta.

“Uwar ba ta da nono?”

Inna ta ce, “Ya ɗauke tun da ta yi ciwo.”

Ya juyo gare ni ya ce, “Ɗana, gobe da sassafe, lokacin tatsa, ka zo ruga. Ka shiga garke ka duba. Wadda ka ɗora wa hannu, ka taho da ita da maraƙinta. Ka riƙe har yarinya ta iya cin abinci.”

Na yi godiya har na rasa abin faɗi. Da ya tafi, Inna ta kira ni bakin murhu.

“In ka je kada ka zaɓa,” in ji ta. “Ka ce masa, Baffa, idona bai san shanu ba, ka zaɓa mini. Shi ya san abin da zai iya bayarwa. Babanka ya yi shekaru da shekaru tare da mutumin nan, bai taɓa nuna abinsa da yatsa ba.”

Na ce to. Amma a raina ban yarda cewa idona bai san shanu ba. Shekarar da ta gabata an ɗebe mu dako zuwa Zinder, da aka sallame mu na tsaya na yi rani guda a kara, kasuwar dabbobi, ina riƙe wa wani dillali igiya. A nan na koyi buɗe bakin saniya in duba haƙora, da ƙirga zoben ƙaho don in san haihuwarta nawa, da shafa ƙarƙashin ciki in nemi jijiyar nono. Na kuma koyi wani abu da bai kamata in kai shi rugar Baffa ba: cewa mai dabba kullum da mafi lalacewa yake fara tarar ka.

Na isa rana ba ta gama fitowa ba. Maruƙa na ɗaure a jere, iyayensu na kuka, Goggo na tsugune da babbar ƙwarya tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya taro ni da sandarsa a kafaɗa. Bayan gaisuwa ya yi gaba ina biye, kamar ba da nufi ba, har muka tsaya gaban wata ƴar baƙar saniya gajera, ƙahonta ɗaya ya karkace ƙasa.

“Wannan ba ta da kyan gani,” ya ce. “Amma ba ta da ci, tana zama a turke ba ta damu da garke ba, kuma ba ta shuri. Innarka ma za ta iya tatsar ta. Gidan da babu makiyayi, babu harawa da yawa, irin wannan ce ke zama lafiya a cikinsa. Nononta ba shi da yawa, amma zai ishi jaririya har a samu na kunu.”

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ya faɗa mini a fili abin da yake so in ɗauka. Ni kuwa sai na ji muryar dillalin nan a kunnena. Na ce, “Bari in ɗan zaga, Baffa.” Ya ce, “Zaga, ɗana.”

Na zaga. Na duba wata ja mai dogon ƙaho, ta yi mini kallon da ya sa na ja da baya. Na duba wasu biyu, ɗaya ta tsufa, ɗaya nononta guda ya mutu. Ina cikin haka Goggo ta gama da na garke, ta rufe babbar ƙwaryar da faifai. Sai ta ɗauko wata ƴar ƙwarya daban, ta ɗauraye, ta nufi bayan bukkarta. A can akwai wata farar saniya mai baƙaƙen kunnuwa, an ɗaure ta ita kaɗai. Goggo ta saki maraƙin ya ɗan tsotsa, ta janye shi, ta tsuguna. Daga inda nake ina jin ƙarar nonon a cikin ƙwarya. Kafin a ce me ta cika har kumfa na zuba.

A bakin bukkar akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara biyu ba, an lulluɓe ta da tsumma, ƙafafunta sirara. Goggo ta miƙa mata ƙwaryar, ta riƙe mata gindi, yarinyar ta kafa kai.

Na ga wannan duka da idona. Duk da haka na ƙarasa wurin saniyar. Hantsarta shimfiɗaɗɗiya, nonuwa huɗu daidai, jijiyar cikinta kamar yatsana. Zobe uku a ƙaho. Na buɗe bakinta ta bar ni, ko kai ba ta kaɗa ba. Na tuna ƴata da kukanta da ba ya fita. Na ɗora hannu a tozonta na ce, “Baffa, wannan.”

Baffa ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya dogara ta a ƙasa, ya dubi ƙasan. Can ya ce, “Ashe ka san shanu.”

Goggo ta miƙe, hannunta jiƙe da nono. Ta yi masa wata gajeriyar magana da Fulatanci, ya amsa da kalma ɗaya. Ba ta ƙara ba. Ita da kanta ta kwance igiyar, ta kwanto maraƙin, ta sa mini a hannu, ba ta dube ni ba.

Shekaru da yawa in na ba kaina labarin nan nakan ce ban gane ba. Ƙarya nake. Ban san komai dalla-dalla ba, amma na san abin da ya isa in yi tambaya, kuma na ƙi yi don kada amsar ta hana ni tafiya da saniyar.

Da na shiga gida da ita Inna na shara. Ta tsaya da tsintsiya a hannu.

“Shi ya ba ka wannan?”

“Ya ce in zaɓa.”

“Ai na san ya ce. Wannan ba ta bayan bukkar Goggo ba ce?”

Na shiga neman inda zan kafa turke. Ta matso kusa don kada matata ta ji, ta ce, “Ka bari zuwa gobe, ka mayar. Ka ce tana shuri, mun kasa tatsa, a canza maka. Shi zai gane, kai ka gane, ba wanda zai ji kunya.”

Na ce gobe in Allah ya kai mu.

Da yamma Inna ta gwada tatsa, saniyar ta riƙe nononta, da ƙyar aka samu rabin ludayi. Aka sirka da ruwan da aka dafa, matata ta riƙa ɗiga wa yarinyar a baki. Ta sha, ta yi barci irin wanda ba ta taɓa yi ba. Matata ta dube ni idonta cike da hawaye ta ce, “Allah ya yi maka albarka, maigida.” Daga nan maganar mayarwa ta mutu a wurina.

Da safe sai ga Goggo da sallama. Na zaci ta zo karɓar abinta. Ashe ta san saniyar ba za ta saki nono ga baƙon hannu ba. Ta tsuguna kusa da Inna, ta nuna mata yadda za ta ɗaure maraƙin a gaban uwar inda za ta riƙa lasar sa, da yadda za ta shafa hantsar kafin ta ja. Ta ce a riƙa ba ta kanwa kaɗan a ruwa, kada a yi mata tsawa, kuma kada a bar ta cikin rana tsaka. Kwana uku tana zuwa. A rana ta uku ta yage gefen tsohon zanenta ta ba Inna, ta ce ta riƙa ɗaurawa a hannu har saniyar ta saba. Ta ɗauki ƴata ta yi mata wasa, ta ce ta fara nauyi. Ko sau ɗaya ba ta ambaci yarinyar da ta baro a ruga ba, ni ma ban tambaya ba. In ta shigo nakan sami abin yi a bayan rumbu.

Ƴata ta murmure. Cikin wata biyu ta yi kumatu. Nono ya wadata har muka riƙa dama fura da kindirmo, abin da ba mu saba ba, matata na kaɗa mai tana ajiyewa. Sai dai saniyar ta fi ƙarfin gidanmu, kamar yadda Baffa ya nuna mini tun farko. Harawar da na tara ta ƙare tun rani bai raba ba. Na koma sassabe rassan gawo ina ɗauko mata, ina bin gidaje neman dusa. Ban taɓa yin ƙorafi ba, don Inna na jira in yi.

Gonar ba ta da nisa da gida, amma na daina bi ta wajen rugar. In zan je daji sai in zaga ta bakin rijiya.

Da bazara ta kama, bulama, wato mai garinmu, ya tara mutane ya ce saƙo ya zo daga kumandan, Baturen da ke mulki a Zinder: ana son shanu don sojan da za su yi arewa, kuma gardi, wato dogaran Nasara, za su zo su ɗiba a kowane garke da ke ƙasar. Suka zo su uku a kan dawaki. Sun kora na Baffa da dama, bijimai da shanun da suka fi jiki. Tamu da ke cikin gida ba wanda ya leƙa ta. Na samu abin da zan riƙa faɗa wa kaina: da tana garke da sun tafi da ita, ashe ma taimakonsa na yi. Na faɗa wa Inna haka. Ta ce, “To yanzu sun tafi. Mayar.”

A lokacin akuyarmu ta haihu, tana da nono. Ƴata ta fara shan kunu. Babu sauran dalilin riƙe saniyar sai daɗin da muka saba da shi, da kuma nauyin haɗa ido da Goggo.

Baffa ya yanke shawarar tashi tun ruwa bai sauka ba, ya yi kudu, ta wajen garin Dogo har gaba, kafin a sake dawowa ɗiba. Ran da zai tashi ya zo sallama da hantsi. Ina tsakar gida ina gyaran ƙotar fartanya na ji muryarsa a ƙofa. Na ajiye fartanya, na bi ta ɓarakar danga ta baya, na fita. Na je na zauna a gindin wata tsamiya a bayan gari har rana ta take. Ni da ke da mata da ƴa.

Da na dawo Inna ta ce, “Ya jira ka har ya gaji. Ya shafa saniyar, ya ce ta yi kyau, ka iya kiwo. Ya ce a gaishe ka.” Daga ranar ta yi kwanaki ba ta yi mini magana in ba ta kama dole ba.

Damina ta zo ta wuce, ba ta yi kyau sosai ba. Ƴata ta fara tsayawa tana riƙe da bango. Saniyar ta ɗauki ciki, nononta ya ja baya. Da aka girbe gero na riƙa duban hanyar kudu kullum, rabi ina son su zo, rabi ina fatan su sauka a wata gona.

Suka zo. Garken ya ragu har da kallo ɗaya za ka ƙare shi. Wannan karon ban jira Inna ta ce komai ba. Na kwance saniyar da maraƙinta, wanda ya zama ɗan bijimi, na ja su zuwa gona.

Baffa na zaune a kan buzu yana tufka igiya. Ya tsufa ƙwarai a shekara guda. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi yarinya. Na ce tana nan har ta kusa tafiya. Ya ce madalla. Ina magana ina duban bakin bukka. Babu kowa.

Na ce, “Baffa, ina ƴar yarinyar nan da na gani bara?”

Ya ci gaba da tufkarsa. “Ta koma. Tun a hanya, kafin ruwan farko. Ciwon ciki ne.”

Na yi ta'aziyya da muryar da ni kaina ban ji ta ba. Sai ya ba ni labarin da ya kamata in nema tun ranar farko. Jikarsu ce, ƴar ƴarsu. Uwar ta rasu wajen haihuwarta. Farar saniyar ta ƴar tasu ce, don tun tana ƙarama aka ba ta saniyar da ta haifi wannan, da ta rasu kuma ta zama ta yarinyar. A duk garken ita kaɗai ke riƙe nono har ƙarshen bazara, lokacin da sauran suka ƙafe.

“Ba tawa ba ce ma da zan bayar,” ya ce. “Laifina ne. Ni na buɗe baki na ce ka zaɓa, ban ware ta ba. Da ka ɗora hannu kuma sai na kasa cewa ɗan aminina a'a.”

Na ce, “Baffa, da nonon nan ne…”

Ya ɗaga hannu. “Kwananta ne ya ƙare. Yara nawa suka tafi a bazarar nan da nono a bakinsu? Kada ka ɗauki abin da ba naka ba.”

Ya faɗi haka ne don ya sauƙaƙa mini, na sani. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, babu mai iya gaya mini, kuma na yi shekaru ina juya shi ban kai ƙarshe ba.

Goggo ta fito daga bukka. Saniyar ta ji ƙamshinta ta fara jan igiya. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata igiyar da hannu biyu, na ce, “Goggo, ki yafe mini.”

Ta karɓa. Ta daɗe tana shafa wuyan saniyar, tana duba kunnuwanta da ƙafafunta. Sannan ta dube ni, karo na farko tun ranar da na zaɓa.

“Da ka tambaye ni ran nan, da na gaya maka ta wace ce,” ta ce. “Wataƙila ma da na ba ka ita duk da haka, don na ga ƴarka, na san halin da take ciki. Amma da ni na bayar. Na yafe maka, ɗana. Tashi, ƙasa da sanyi.”

Ta ja saniyar ta yi bayan bukka. Baffa ya ce in koma da ɗan bijimin, nawa ne tun da a gidana ya girma. Na ƙi. Shi ne kaɗai abin da na ƙi karɓa daga hannunsa, kuma ya zo a makare.

Sun ci gaba da sauka a gonarmu shekara huɗu bayan haka. Kowace kaka nakan kai musu dami mafi kyau daga rumbu, in gyara musu bukka, in ɗebo musu ruwa da jaki. Suna karɓa su yi godiya kamar yadda suka saba yi wa babana. Ba wanda ya sake tayar da maganar. Goggo takan aiko wa ƴata da nono a ƴar ƙwarya, matata ta ba ta, ni in fita waje. A shekara ta biyar hayaƙi bai tashi a gonar ba. Wasu Fulani da suka ratsa suka ce Baffa ya rasu a kudu, Goggo kuma ta bi wani ɗanta.

Matata ba ta san labarin duka ba har ta bar duniya. Inna ta sani, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ƴata kuwa sai da ta yi aure ta haifi nata ɗan, na je ganin jika, muna zaune a inuwa tana shayar da shi, na ba ta labarin daga farko har ƙarshe. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta gyara wa yaron kwanciya a cinyarta.

Sai ta ce, “Baba, yaya sunan yarinyar? Ina so in riƙa yi mata addu'a.”

Na buɗe baki zan amsa, na tarar ban sani ba.